Narkakken Ƙarfe Da Kujerar Mulki: Me Ya Hana Alƙalaminmu Taɓa Rayuwar Farfesa Ibrahim Umar?

A watan Janairun 2023 Allah ya yi wa Farfesa Ibrahim Umar rasuwa, wato malamin kimiyyar fiziks ɗin nan da ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano daga 1979 zuwa 1986. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. An yi ta'aziyya a jaridu da gidajen rediyo kamar yadda aka saba, aka jero makarantun da ya yi da muƙaman da ya riƙe, aka ce an yi babban rashi, aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Ba mu ga laifin 'yan jarida ba, nasu aikin ke nan, kuma sun yi. Da 'yan'uwanmu marubuta muke. Ga mutum ya yi shekara bakwai yana riƙe da jami'ar da ke bakin ganuwarmu, jami'ar da ta yaye da yawa daga cikinmu, amma da za a tsare mu a ce mu faɗi abin da ya bincika har aka kira shi masani, anya za a sami mutum biyar a zaurenmu da za su iya buɗe baki?

Wannan tambaya ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Ba tarihin marigayin za mu rubuta ba, don ba mu isa ba a 'yan shafukan nan. Nufinmu mu auna adabinmu da rayuwarsa, mu ga ko mazubin da muke da shi zai iya ɗaukar irin wannan rayuwa. Mu dai a ganinmu ba zai iya ba, kuma laifin mazubin ne.

Bari mu fara da jerin da aka saba karantawa. Ya yi digirin farko a fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi na biyu a Jami'ar Northern Illinois ta Amurka, ya kammala na dakta a Jami'ar East Anglia ta Ingila a 1974. A 1976 ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya koyar da fiziks a Bayero. A 1979 ya zama shugaban jami'ar. Daga baya ya shugabanci Hukumar Makamashi ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 1989, ya yi kantoman Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna daga 1994 zuwa 1997, sannan ya shugabanci majalisar gwamnonin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana daga 2000 zuwa 2001.

To, mai karatu, sake duban shekarun nan uku: 1974 da 1976 da 1979. Shekara biyar kacal tsakanin ranar da mutum ya gama koyon sana'ar bincike da ranar da aka ɗora masa jami'a sukutum a ka. A ƙasashen da kimiyya ta zauna da gindinta, shekarun da ke biyo bayan digirin dakta su ne kakar mai bincike, lokacin da ƙwaƙwalwa ke da kaifi, lokacin da yake kafa sunansa. Shi kuwa a daidai wannan lokaci aka miƙa masa fayil-fayil da rigimar ɗalibai da lissafin albashi. A nan labarin yake. Jerin muƙamai kuwa tsallake wurin yake yi, kamar mai ba da labarin fatauci ya ce an tashi Kano an isa Gwanja, bai faɗi abin da aka gamu da shi a hanya ba.

Mene ne abin da ya bincika? A 1974 mujallar Journal of Physics ta Ingila ta buga takardu masu ɗauke da sunan I. H. Umar, ɗaya tare da W. H. Young, malami a East Anglia, wata kuma tare da shi Young ɗin da A. Meyer da M. Watabe. Batunsu shi ne narkakken ƙarfe. Kada kalmar fiziks ta firgita mu, domin babu garin da ya kamata ya fahimci wannan batu kamar Kano. Masu tonon tarihi sun nuna ana narka tama a gindin Dala tun ƙarni na 7, kuma labarin kafuwar garin ma da maƙeri ya fara. Har yau muna da maƙeran baƙi da maƙeran fari, muna da masu zubin tukwane, kowa ya taɓa ganin dalma ta narke tana sheƙi, wasu sun taɓa ganin zaiba tana gangarawa kamar ruwa alhali ƙarfe ce.

Ga matsalar da masana ke fama da ita. Kowane abu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin da ake kira atam, ko ƙwayar zarra. In ƙarfe yana daskare, ƙwayoyin nan a jere suke kamar sahun sallar Idi, kowa da wurinsa, saboda haka lissafinsu yana da dama-dama. In abu ya zama tururi, ƙwayoyin sun watse, kowa ya yi nesa da ɗan'uwansa, nan ma lissafi ba ya gagara. Amma in ƙarfe ya narke, sai ya zama kamar Kasuwar Kurmi ana gobe salla: an cushe, kafaɗa na gugar kafaɗa, ga shi babu sahu, ga shi ba a tsaye ake ba. Yaya za a yi lissafin irin wannan cinkoso? Dabarar da wasu masana biyu, Ashcroft da Lekner, suka fito da amfaninta a 1966 ita ce a ɗauka kowace ƙwaya dunƙulallen ƙwallo ce mai tauri, ba ta lotsawa, ba ta shiga cikin 'yar'uwarta. Aka tarar in ƙwallayen nan suka cike kusan kashi 45 cikin 100 na mazubinsu, yadda suke zama ya yi kama ƙwarai da yadda ƙwayoyin ƙarafa da yawa ke zama a daidai lokacin narkewa. A kan wannan turba Umar da abokan aikinsa suka ɗora nasu ginin.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne inda suka juya ga gamin ƙarafa biyu, suka ɗauki sodiyam da fotasiyam a matsayin misali. Su ma ba baƙinmu ba ne, sunan ne kawai baƙo: akwai sodiyam a cikin gishiri da kanwa, akwai fotasiyam a cikin tokar murhu. In an tace su, kowannensu ƙarfe ne mai taushi, wuƙa na yanka shi. Sodiyam na narkewa a wajen digiri 98 na ma'aunin Salshiyas, fotasiyam a wajen 63. Amma in aka gauraya su a wani ƙayyadadden awo, sai gamin ya zauna a narke cikin ɗaki ba tare da wuta ba, ba zai daskare ba sai sanyi ya kai wajen digiri 12 ƙasa da sifiri. Ikon Allah ke nan! Ƙwayar fotasiyam ta fi ta sodiyam girma, saboda haka gamin ya zama cinkoson manya da ƙanana. Duk matar da ta taɓa zuba mudun gero a kan mudun wake ta san ba ta samun mudu biyu cif, don geron yana shigewa tsakankanin waken. Ba mu ce ƙarafa haka suke yi sak ba, amma irin tambayar ke nan: in an haɗa manya da ƙanana, yaya zamansu zai kasance, nawa ne zafin da zai fita ko ya shiga, kuma hargitsin cikinsu zai ƙaru da nawa? Aikinsu shi ne su fitar da amsar da lissafi, sannan a gwada da abin da aka auna a ɗakin gwaji. Wannan gami, don a sani, an yi amfani da shi wajen sanyaya wasu injunan nukiliya na farko-farko a Amurka da Birtaniya.

Mun daɗe a kan wannan da gangan. Ga shi mun faɗe shi da Hausa, ba mu mutu ba, Hausar ma ba ta karye ba. Saboda haka uzurin da muke yawan ji a zaurenmu, wai harshenmu ba shi da kalmomin kimiyya, ragon uzuri ne. Gaskiya ne akwai wuraren da sai an yi aro ko an ƙirƙira. Amma tun 1949 Abubakar Imam da Rupert East suka fitar da Ikon Allah, suka yi wa yara bayanin halittu da Hausar da har yau ba ta tsufa ba. A 1990 an buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 2006 kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Ba kalma muka rasa ba. Haƙurin zama mu fahimci abu kafin mu rubuta shi, shi muka rasa.

Yanzu mu koma kan mazubanmu. Iri biyu muke da su na zuba mai ilimi, kuma kowanne da inda yake yoyo.

Na farko shi ne mazubin yabo. Mun gaje shi daga marsiyya da waƙar fada da kirari, kuma a muhallinsa ba shi da na biyu. Amma da muka ɗauko shi muka sa a rubutun zube, muka kira shi tarihin rayuwa, sai ya zame mana cuta. Ɗauki yawancin 'yan littattafan da ake ƙaddamarwa a manyan ɗakunan taro: an haifi gwarzon, tun yana yaro an ga alama, bai taɓa zuwa na biyu a aji ba, ya riƙe kaza ya riƙe kaza, ba ya fushi, ba ya ƙyashi, hannunsa a sake. Cire sunan wannan ka sa na wancan, littafin bai canza ba. Mutumin da bai taɓa yin kuskure ba, bai taɓa tsayawa a mararraba yana waswasi ba, babu abin da matashi zai koya daga gare shi sai dai ya yi tagumi. Kwatanta da ɗan littafin da Malam Aminu Kano ya rubuta a kan rayuwar Sa'adu Zungur, wanda aka buga a 1973. Gajere ne, kuma almajiri ne ke rubuta malaminsa, amma mai karatu na tashi da sanin abin da Sa'adu ya yi faɗa a kansa da waɗanda ya yi faɗan da su. Dalili kuwa, Malam ya san abin da ke cikin kan Sa'adu, don tare suka yi gwagwarmayar. Wanda zai rubuta masanin fiziks dole ya shiga cikin kansa ko da zuwa zaure ne. In bai shiga ba, ba abin da zai rage masa sai kirari.

Na biyu shi ne mazubin ƙagaggen labari. A nan mai ilimin boko ado ne, kamar agogon bango. Tun daga littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990 har zuwa waɗanda ake karantawa a waya a yau, an cika mu da dakta wane da farfesa wane, amma aikinsu a labarin bai wuce su fito daga mota, su gyara tabarau, su nemi auren yarinya ba. Rubuce-rubuce nawa 'yan'uwa suka kawo mana dubawa, an ce jarumin ya yi shekara bakwai a Ingila yana karatun kimiyya, amma daga bangon farko zuwa na ƙarshe bai yi tunani ɗaya irin na mai kimiyya ba? Da an mai da shi dillalin filaye, da labarin bai girgiza ba. Ba muna cikin masu yi wa adabin kasuwar Kano kallon raini ba ne. Mun san su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sun koya wa dubban mutane son karatu, sun kuma taɓo auren dole da zaman kishi da ƙarfin hali. Abin da muke cewa shi ne, mun iya shiga ɗakin amarya da ɗakin uwargida, mun iya shiga kotu, amma ofis da ɗakin gwaji da zauren majalisar malamai, a bakin ƙofa muke tsayawa.

Har littattafan da suka fuskanci al'amuran ƙasa ba su tsallake wannan ba. Sulaiman Ibrahim Katsina ya nuna mana fasa-ƙwauri da cin hanci a Turmin Danya, ya nuna mana siyasar jam'iyyu a Tura Ta Kai Bango. Bature Gagare ya nuna mana abin da yaƙi ke bari a zuciyar mutum a Ƙarshen Alewa Ƙasa. Umaru Dembo ma tun 1969 ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, kuma ya cancanci jinjina don ya riga kowa. Sai dai a can kimiyya abin al'ajabi ce da ke saukowa daga sama a hannun baƙo, ƙanwar tatsuniyar aljanu. Kimiyyar da ɗan Adam ke yi da fensir da takarda, ya yi wata shida a kan lissafi ɗaya ya tarar ya ɓata tun a shafi na biyu, ita ce ba mu gani ba.

Wasu sun yi a wasu wurare. Baturen nan C. P. Snow, wanda shi ma daga ɗakin gwaji ya fito, ya rubuta The Masters a 1951, littafi guda a kan zaɓen shugaban wata kwaleji a Kambirij. Ba bindiga, ba kisa, malamai ne kawai ke ƙulle-ƙulle, amma mai karatu ba ya iya ajiyewa. A nan gida Chukwuemeka Ike, wanda ya yi magatakardan Jami'ar Nsukka, ya fitar da The Naked Gods a 1970, a kan kokawar neman kujerar shugaban jami'a. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Mu fa?

Kada a ce babu abin rubutawa. Jami'ar Bayero a cikin birni aka haife ta. A 1960 aka buɗe ta da sunan Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci, nan kusa da gidan Sarki. Da aka kafa jami'ar Zariya a 1962 sai aka mai da ita Kwalejin Abdullahi Bayero. Ta yi zaman wucin gadi a tsohon otal ɗin filin jirgin sama, daga baya ta dawo bakin ganuwa, wajen Ƙofar Kabuga da Dukawuya, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977 a hannun Dakta Mahmud Tukur. Wato gida ne da aka gina a kan Larabci da addinin Musulunci da tarihi da harsuna. Cikin wannan gida aka kawo fiziks, kuma ba a jima ba aka ba mai fiziks ɗin makullin gidan gaba ɗaya, bayan ɗan riƙon da Farfesa J. O. C. Ezeilo, masanin lissafi, ya yi. Yaya zaman ya kasance tsakanin matashin da ya dawo daga Ingila da lissafin ƙwayoyin ƙarfe da dattawan da suka sha karatu a zaurukan birni? Wannan kaɗai ya isa babi uku.

Sannan a dubi zamanin. A watan Disambar 1980 aka yi tarzomar Maitatsine a Kano, dubban rayuka suka salwanta. Ranar 10 ga Yulin 1981 aka yi tarzomar da aka kashe Dakta Bala Muhammad, malamin kimiyyar siyasa na jami'ar kuma mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara. A 1982 kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu, daidai lokacin da jami'ar ke fama da ginin sabon matsuguninta a hanyar Gwarzo. Ƙarshen 1983 soja suka karɓi mulki, a watan Agustan 1985 wasu sojan suka ture su. Duk wannan mutum ɗaya na kan kujera, tsakanin gwamnati mai ba da umarni, da ƙungiyar malamai mai ja da ita, da ɗalibai masu zafin jini, da gari mai ido a kan tarbiyyar 'ya'yansa. A 1986 ya miƙa wa Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir, masanin adabin Hausa wanda ya yi nazarin Shata da Sa'adu Zungur. Wato mai fiziks ya miƙa wa namu. Ko wannan bai isa ya tsokano mu ba?

Mu fa lura, irin binciken da ya yi ba ya bukatar manyan injuna, amma yana da nasa abincin: sababbin mujallu daga waje, da lokacin aiki a kan kwamfuta, da abokan musu waɗanda suka san fannin, sannan uwa uba nutsuwa. Da aljihun ƙasa ya tsuke, mujallun waje na cikin abubuwan da suka fara yankewa a ɗakunan karatun jami'o'inmu. Nutsuwa kuwa, wa ya taɓa ganin shugaban jami'a da ita? Takardun da masana ke ambaton sunansa da su a wannan fanni na tsakiyar shekarun 1970 ne. Ba kuma shi kaɗai ba ne. Farfesa Iya Abubakar, gwanin lissafi da ya yi digirin dakta a Kambirij, ya zama shugaban jami'ar Zariya a 1975, daga nan minista a gwamnatin Shagari, daga baya sanata. Kamar dai al'ada ce a Arewa: da zarar an ga mai kaifin ƙwaƙwalwa a kimiyya, sai a ce wannan ya fi ƙarfin allo, a ba shi ofis.

To amma a nan ne muke jan kunnen duk wanda wannan maƙala za ta zaburar. Kada ya gudu daga mazubin yabo ya faɗa na makoki, ya ce ƙasa ta kashe haziƙi, shi ke nan. Wannan ma sauƙin banza ne. Abdus Salam na Pakistan ya koma Lahor a 1951, ya tarar ba mujalla ba abokin musu, ya tattara ya koma Ingila a 1954, ya ci kyautar Nobel a 1979, shekarar da namu ya hau kujera. Salam ya zaɓi fiziks ya bar gida, kuma zafin wannan zaɓi ne ya sa ya kafa cibiyar Trieste a Italiya a 1964, don masanan ƙasashe matalauta su riƙa zuwa suna shan iska suna komawa. Namu ya zauna. In kowa ya bi sawun Salam, wa zai kafa sashen da yaran Kano za su koyi fiziks? Wa zai zauna da ma'aikatar kuɗi yana roƙon na sayen kayan gwaji? Wa zai zauna a Biyana cikin wakilan ƙasashe 35 ya san abin da ake faɗa in ana maganar yuraniyam? Ƙaramin injin nukiliya na bincike da aka kunna a Zariya a 2004 bai zo ƙasar nan ba sai da amincewar wannan hukuma ta duniya, kuma irin wannan amincewa sai ƙasa tana da mutanen da ake jin maganarsu. Wani ya shuka, wani ya gina rumbu. Wanne ya fi? Mu ba mu da amsa guda, kuma marubucin kirki ba amsar zai ba mu ba. Zai sa mu zauna tare da mutumin a daren da zai yanke shawara, ga lissafin da bai ƙarasa ba a gefe, ga takardar naɗi a ɗaya gefen.

Sai dai a yi hattara da wannan dare. In tarihin rayuwa za ka rubuta, ba ka da ikon ƙaga abin da ya raya a zuciyarsa, ko ka sa masa maganar da bai faɗa ba. Wannan amana ce, ga kuma haƙƙin mamaci da na iyalinsa. Sai ka nemi izini, ka bi takardu, ka karanta bayanan zaman majalisar jami'a da jawaban bikin yaye ɗalibai da jaridun lokacin, irin su New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo da Triumph, ka zauna da waɗanda suka yi aiki da shi da waɗanda suka yi karatu a hannunsa, har da waɗanda suka saɓa da shi, don shekara bakwai a kan kujera ba ta yiwuwa ba a saɓa da kowa ba. Mutanen nan kuwa sun manyanta, kullum raguwa suke yi. In kuwa ƙagaggen labari kake so, to sauya suna, sauya gari, ka ƙagi naka mutumin, ka ba shi aibinsa da son zuciyarsa, sannan ka ji daɗin shiga zuciyarsa yadda ka ga dama. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a gauraya biyun, a ɗauki sunan gaske a yi masa ƙarya, ko ta yabo ce.

Wani ɗan'uwa ya ce mana, ai ba mai saye. Mai yiwuwa ne. Amma haka aka ce kafin a fara rubuta matsalolin mata, sai ga shi su suka riƙe kasuwar. Ɗaliban kimiyya a makarantun sakandaren Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Jihar Kano ta buɗe tun 1977, da dubban da suka biyo bayansu a jami'o'i, su ma Hausawa ne, su ma suna karatu, kuma ba su taɓa ganin kansu a madubinmu ba sai a matsayin masu tabarau.

Ga wanda ya ɗauki aniya, shawararmu kada ya fara da ɗakin karatu. Ya fara da maƙera. Ya sami maƙerin fari a cikin birni ya wuni a gefensa, ya ga yadda ake zuga wuta, yadda azurfa ke tattaruwa ta zama ƙwallo in ta narke, yadda datti ke tasowa a kwashe, yadda maƙerin ke gane gami da ido kafin ya gwada. Ya rubuta kalmomin da ya ji: tama, zubi, kashin maƙera, awartaki, zugazugi. Daga nan ya ɗauki littafinsa ya fita ta Kabuga, ya nemi wani malami a sashen fiziks, ya roƙe shi ya buɗe masa takardar 1974 su bi ta layi-layi, yana tambaya ana ba shi amsa da Hausa. Inda malamin ya kasa fassarawa, su tsaya nan su yi ta musu har kalmar ta fito.